Hoton fitilun ƙarshen shekara: ina motsa aparai (kyamara) da gangan, amma layukan na fitowa a tsintsinke

Ɗan Bukoki:

Assalamu alaikum ƴan uwa masu ɗaukar hoto. Ina gajiya, ina sanyi?

Ni a Bukoki nake, nan Yamai. Shekarata uku ina bin ɗaurin aure da suna da wata tsohuwar Canon 600D da na saya ta hannu, da ɗan gilashinta 18-55 wanda ta zo da shi. Amma yau ba maganar biki ta kawo ni ba.

Daren 17 ga Disamba, jajibirin bikin Jamhuriya, na taso daga wani biki a Harobanda, abokina ya goyo ni a moto. Mun hau titin Mali Bero ke nan sai muka wuce wani kanti da ya lulluɓe gabansa da girlandi, wato igiyar ƙananan fitilun ado, ruwan lemo da fari da tsanwa, launin tutarmu. Aparai na rataye a wuyana, ban kashe ta ba. Moto ta faɗa wani rami, yatsana ya danna maɓalli, na ji ta yi ƙas, ta ɗan yi shiru, sannan ta sake yin ƙas. Ban ko kula ba. Sai da na zo gida ina zuba hotunan amarya a kwamfuta na ci karo da shi. Wallahi na fi minti goma ina kallonsa. Babu kanti, babu titi, babu mutum. Baƙin dare ne kawai, sai zaren haske ya kwanta a kansa yana lanƙwasa kamar aikin wuyan babbar riga. A hotunan biki ɗari huɗu da na ɗauka ranar, wannan da rami ya ɗaukar mini shi ya fi shiga raina.

Na duba bayanin hoton, na ga idon aparai ya zauna a buɗe sakan ɗaya cur. Sai na ce to, abin da rami ya iya, ni ma zan iya. Dare uku ke nan ina fita bayan isha'i, ina tsayawa gaban kantuna da otal-otal da suka yi ado don Kirsimeti da sabuwar shekara, in sa bitas, wato lokacin da idon aparai ke zama a buɗe, a sakan ɗaya ko biyu, in danna, in kaɗa hannu. Na ɗauki sama da ɗari biyu. Waɗanda zan iya nuna wa mutum ban ji kunya ba ba su kai biyar ba.

Yawancinsu launin ya ƙone, ja da tsanwa duk sun koma fari fat, sai ɗan launi a gefe-gefe. Wasu kuma sun cakuɗe kamar taliyar da yaro ya kifar a tabarma. Amma abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne wannan: layukan ba sa tafiya a miƙe kamar zare, suna fitowa guntu-guntu, kamar ɗinkin keken tela. A hoton rami wasu layukan sun fito sumul, wasu a tsintsinke, a hoto guda. Shin aparai ce ta fara mutuwa? Don maigidana, wanda na koyi aikin a wurinsa, ya ce in bar wannan shirme kafin in kashe abin neman abincina. Ya ce shekara ashirin yana hana yara rawar hannu, ga ni na zo ina yinta da gayya.

Ga kuma ƙanwata ta ga hoton, ta nace sai na ɗauke ta daren 31 da irin wannan hasken a bayanta, ita kuma fuskarta ta fito tar. Na gwada da ƙanena, ya fito kamar aljani, hanci uku. Wanda ya san kan abin ya taimaka mini, kwana tara suka rage.

Tsohon Mai Hoto:

Wa alaikumus salam. Ɗana, aparai ɗinka lafiyarta ƙalau, kuma ka gaida mini maigidanka, ka ce masa na fahimce shi. Mu da muka koyi aiki da fim mai hoto 36, kowane danna maɓalli kuɗi ne, kuma sai an wanke za ka san abin da ka yi. Yaron da ya kawo hoto dishi-dishi rankwashi yake sha. Mun taso muna kallon aikin marigayi Philippe Koudjina, wanda ya ɗauki daren Yamai a shekarun 1960 da 1970, gidajen rawa da samari da ƴan mata, komai tsaf, filash ya kama kowa a inda yake. Wannan shi ne hoto a wurinmu. Sai wata rana na ga aikin wani Bature, Ernst Haas, wanda ya ɗauki wasan mutum da bijimin sa a Pamplona ta ƙasar Sipaniya a 1956, ya bar ido a buɗe har sa da mutum da mayafi suka narke cikin juna. Na ce ashe abin da ake dukanmu a kai, wani ya yi suna da shi. Saboda haka abin da kake yi tsohon abu ne, ya girme ka, ya kusa girmata.

Maganar ƙonewar launi mai sauƙi ce. Ina zaton ka bar aparai ta zaɓa maka ISO, wato ƙarfin jin haskenta, da kanta. Ita kuwa da ta ga duhu sai ta tsorata, ta haura 1600 ko fiye, tana son mai da dare rana. Kai ba daren kake ɗauka ba, ƙwan fitila kake ɗauka, shi kuwa haske ne da kansa. Juya ta zuwa M, inda kai ne mai saita komai da hannu. Sa ISO 100. Tsuke ƙofar haske zuwa f/11 ko f/16, don lamba na girma ƙofa na ƙara tsukewa. Daga 1600 zuwa 100 ka rage haske ninki 16, daga f/5.6 zuwa f/16 ka ƙara rage ninki 8. Bitas kuma ka fara da rabin sakan. Sakan biyu ya yi yawa ga mai koyo, shi ya sa kake samun taliya: hannu ya gama abin da zai yi tun a rabin sakan na farko, sauran lokacin yawo kawai yake. In ka ga ja ya fara komawa ruwan lemo ko fari, ƙara tsukewa, ja ne ke fara ƙonewa.

A jikin gilashinka akwai maɓalli biyu. Na AF ka mai da shi MF, ka saita gani da hannu a kan fitilun sau ɗaya, ka bar shi, in ba haka ba za ta yi ta laluben duhu. Na biyun, mai hana girgiza, kashe shi. Aikinsa ya yi faɗa da motsin hannunka, kai kuma motsin kake so.

Sai hannun kansa. Hoto ɗaya, motsi ɗaya. Ko sama zuwa ƙasa, ko dama zuwa hagu, ko ka juya ta kamar sitiyari, ko ka tsaya cak ka murɗa zum daga 18 zuwa 55 fitilu su fashe daga tsakiya. Kar ka haɗa biyu tukuna. Ka manne gwiwar hannu a haƙarƙari, motsin ya fito daga ƙugu. Kuma ka fara tafiya kafin ka danna, ka ci gaba bayan ta rufe, kamar mace mai shiƙar hatsi, ba ta tsayar da ƙwarya a tsakiyar zubi. In ka danna kana tsaye sannan ka motsa, kowane layi zai fito da ƙulli mai haske a kansa. Wani lokaci ƙullin na da kyau, amma ka yi shi da saninka.

Tsinkewar layi kuwa, a zamaninmu ban taɓa ganinta ba. Ina jin hannunka ne ke rawa saboda sanyin nan.

Abu na ƙarshe, kuma ka riƙe shi fiye da duk lambobin da na lissafa. Mutum tsaye cikin dare yana kaɗa baƙin abu sama da ƙasa yana jawo ido. Kar ka ɗaga aparai kusa da bariki, ko fadar shugaban ƙasa, ko filin jirgi, ko kan gada, komai kyan fitilun wurin. Gaban kanti ma, ka fara gaida mai gadi, ka nuna masa hoto ɗaya a bayan aparai. In ya yi dariya, ka samu wurin aiki har da kujera.

Malamar Fizik:

Baba, ina wuni. A gafarce ni in sa baki a kan abu ɗaya. Duk abin da kuka faɗa na saiti ban isa in ƙara komai ba, ni ba mai hoto ba ce, alli nake riƙewa. Amma tsinkewar nan ba daga hannun yaron take ba, daga fitilun take, kuma dalilin da ya sa ba ku gan ta a zamaninku ba shi ma yana da bayani.

Kuran, wato wutar lantarki, da ke shigowa gidajenmu ba tafiya ɗaya yake yi ba, kai da komo yake, zagaye 50 a kowane sakan. Ko daga tashar wuta ta Gorou Banda ya fito, ko ta layin Birnin Kebbi ya zo, 50 ɗin ce. Tsohon ƙwai mai zare a ciki, zaren zafi yake yi ya yi haske, kuma kafin ya huce kuran ya dawo, don haka haskensa ba ya yankewa. Shi Baba ya ɗauka shekara da shekaru. LED kuwa, fitilar zamani da ke jikin girlandi, ba ta da abin da zai riƙe zafi, kuma hanya ɗaya kawai take barin kuran ya bi. Girlandi mai araha da aka jona kai tsaye a bango tana kunnuwa ta mutu sau 50 a sakan. Wadda aka sa wa ƴar na'urar da ke juyo rabin zagayen da ya koma baya, sau 100. Idonmu ba ya kama wannan, sai ya ga haske tsaye. Amma da ka ja aparai, kowace ƙiftawa sai ta sauka a wuri dabam a hoton, shi ne ɗinkin telan da kake gani.

Ƙanena, ga jarrabawa, irin wadda nake ba ƴan ajina. Sa rabin sakan daidai, ja layi ɗaya dogo wanda farkonsa da ƙarshensa duk suna cikin hoton, ka buɗe shi a kwamfuta ka ƙirga guntayen. In ka sami 25, girlandi ce mai ƙiftawa 50. In ka sami 50, mai 100 ce. In kantin na kan gurup, wato janareto, ne lissafin zai iya ɗan kaucewa, don injin ba kullum yake riƙe gudunsa daidai ba. A Amurka da kuransu ke yin 60, da 30 za ka ƙirga.

Layukan da suka fito sumul a hotonka na rami, ina kyautata zaton fitilun motoci ne ko wani abu mai aiki da batir. In sumul kake so, nemi girlandi mai pil, wato batir, ko mai ƴar farantin rana, ka sa ta a tsaye, kar ka sa ta a mai walƙiya ko mai dusashewa, don su ma ta hanyar ƙiftawa da sauri ake rage musu haske.

Ni dai a raina guntayen sun fi kyau. In ka yarda ka aiko mini ɗaya in nuna a aji, na gaji da zana wannan igiyar a allo yara suna hamma.

Tsohon Mai Hoto:

Ƴata, Allah ya yi miki albarka. Na janye maganar sanyi. Shekara arba'in ina aiki da haske, yau na ji abin da ban sani ba.

Na manta da ƙanwar. Ɗana, filash ne maganinta. Ka tsayar da ita inda babu hasken da ke dukan fuskarta, fitilu na can bayanta nesa. Hasken kanti da ya sauka a fuskar ƙanenka shi ya ba shi hanci uku. Filash zai kafe ta a ƙiftawar ido, sauran rabin sakan ɗin duhu ne a wurinta, fitilu kaɗai ke rubutu. Amma ɗan filash ɗin kan 600D ba shi da ƙarfi, a f/16 ko mita ɗaya ba ya kaiwa. Buɗe zuwa f/8, ISO 200, ta tsaya kamar mita biyu. Za ka ji masu cewa a sa filash ya tashi a ƙarshe, labule na biyu. Wannan na mota mai gudu ne, don wutsiyar haske ta bi bayanta. Kai bar shi a farko: ka saita fuska, ta yi murmushi, ka danna, ya haska, sannan ka juya hannu. A nan kaɗai na yarda ka danna kana tsaye.

Ba'adare:

Salamu alaikum mutanen Yamai, daga Tawa nike gaishe ku. Ni ba ni da babbar aparai, waya ta gare ni, amma na daɗe ina wanga wasa. Na hwara shi tun Disamba 2017, lokacin Tahoua Sakola, da anka yi bukin 18 ga wata nan garinmu, gari yac cika da hitillu da baƙi. Tun sannan duk inda anka rataya girlandi, ko buki na ko Mauludi, ina wurin.

Ga masu waya, kar ku sa ta cikin yanayin dare. Shi hotuna da yawa shika ɗauka shi jera su bisa juna, shi gyara girgiza, duk wahalar da kay yi ta tahi banza. Ku nemi inda anka rubuta Pro, ku sa lokaci da hannu, ISO ku kai shi ƙasa gaba ɗai. Matsalar waya, ƙohwar haskenta ba ta tsukewa kamar ta Baba, a buɗe take kullum, shi ya sa launi ka saurin ƙonewa. Ni tabarau na rana nika karawa gaban gilashin, irin na jika guda na bakin tasha. Kwata na sakan ya ishe ni. Kuma ku ɗaura ma wayar igiya a hannu, na taɓa jehwa tawa cikin kwata ina juyi, yara sunka yi ta dariya.

Ga wani abu da na gano da kaina. In ka kai hannu dama, haske hagu shika tahiya cikin hoton, in ka yi sama shi yi ƙasa. Na so in rubuta harahin hwarko na sunan ɗiyata, kullum sai shi hito kai ƙasa. Ashe ba sai ka wahal da kanka ba. Rubuta shi daidai da bakin aparai, in ka gama ka juya hoton gaba ɗai, sama ta koma ƙasa, sai ka ga kowane ƙwai ya rubuta harahin, ƙwai ɗari harahi ɗari. Yarinyar har yau shi na bisa huskar wayar uwarta.

Kuma abokina, mi ya kai ka titi kana koyo? Sayi girlandi guda, rataya a ɗaki, kashe wuta, ka yi ta yi har hannu shi saba, ba mai gadi ba ƙura.

Ɗan Katako:

Girlandi mai pil akwai ta a wajenmu, har mai launin tuta. Amma in kun zo ku ce ta ado kuke so. In kuka ce ta gwajin fizik ce, kuɗinta zai tashi.

Ɗan Bukoki:

Jama'a na dawo, Allah ya saka da alheri. Kwana biyar na yi shiru don ina ɗaki ina bin shawarar Ba'adare, har mahaifiyata ta leƙo ta tarar da ni cikin duhu ina juya aparai gaban ƙusa, ta tambaya ko lafiya.

Malama, 25 cif. Na ƙirga sau uku, na sa ƙanena ya ƙirga, 25. Na koma kantin titin Mali Bero na gwada tasu, ita ma 25, amma allon sunan kantin ya ba ni layi sumul. Kuma kin yi gaskiya, yanzu da na san ba ciwo ba ne, guntayen sun fara yi mini kyau. Na lura in na ja hannu da sauri suna tsawo suna warwatsuwa, in na ja a hankali suna matsewa har su kusa haɗewa. Wato da gudun hannu nake zaɓar irin ɗinkin. Na aiko miki guda uku ta saƙo, ki zaɓa.

Baba, f/16 da ISO 100 sun dawo mini da ja. Cikin motsin da kuka lissafa, juyin sitiyari ya fi ba ni wahala, don tsakiyar da'irar ba ta zama inda nake so, kullum sai ta zame gefe. Murɗa zum ya fi sauƙi amma na fara gajiya da shi, duk hotunan kama ɗaya suke yi. Wanda na fi so shi ne sama zuwa ƙasa a gaban wata bishiyar dogon yaro da aka naɗe da fitilu, ya fito kamar ruwan sama mai launi. Mai gadin wurin kuwa har shayi ya ba ni, ya ce in ɗauke shi shi ma.

Na kuma gano lokaci. Bayan isha'i sama baƙa ce ƙirin. Amma in na yi magariba a masallacin da ke kusa da wurin na fito da sauri, ina samun kamar minti goma da sama take shuɗi-shuɗi, ga hazon hunturu ya sa kowace fitila ta yi rawani. Minti goman nan sun fi mini dukan dare.

Ƙanwata ba ta iya jiran 31 ba, jiya muka yi gwaji. Hanci ɗaya, alhamdu lillahi. Sai dai ta sa farin mayafi mai ƙyalli, ya kama hasken baya ya yi mata inuwa a kafaɗa, don haka ranar za ta sa mai duhu. Na nuna wa maigidana hoton ban ce komai ba. Ya daɗe yana kallo, ya ce fuskar ta fito, sauran kuma shirme ne mai kyau. Da zan tafi ya ce akwai biki ranar Asabar a Yantala, gidan sun yi odar girlandi, in gwada wa amarya guda biyu bayan na gama na gaskiya.

Saura tambaya ɗaya. A hotunan magariba, a f/16, akwai ɗigo uku baƙaƙe a sama ta hagu. Komai na hoton ya motsa, su suna nan daram a wuri guda, kowane hoto. Na goge gilashi gaba da baya, ba su tafi ba.

Tsohon Mai Hoto:

Ƙurar hunturu ce ta zauna a kan farantin da ke kama hoto a ciki, shi ya sa take tafiya tare da aparai. Tana nan tun tuni, tsuke ƙofa ne ya tona ta. Kar ka hura da baki, kar ka sa tsumma ko auduga. Cika batir, shiga menu wurin shara da hannu don madubi ya ɗaga, kifa bakin aparai ƙasa, ka hura da ƴar robar iska sau biyar ko shida, kan robar kar ya taɓa komai. A ɗaki, taga a rufe. In ba ka da robar, biyo ta shagona gobe bayan la'asar, ka taho mini da hoton dogon yaron in gani a babban allo.